Likkafanin da Ya Riga Mutuwa Zuwa

Ni mai wankan gawa ce. Tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu nake yi wa matan Limawa wankan ƙarshe, in yanka musu likkafani, in ɗinka. Uwata ta yi, ni ma na gada. A wannan aiki mutuwa ce take fara sallama, sannan a nemo farin yadi. Haka na taso na gani, haka na tsufa ina gani, in ban da sau ɗaya.

Akwai wani mutum a layinmu, Alhaji muke ce masa, ko da yake a gabana ya koyi tafiya. Shagon lemo da ruwan leda gare shi a bakin titi. Amma samarin da ke zarya bayan shagon ba ƙishirwa ke kai su ba. Su shiga garau, su fito suna tangaɗi, ido jawur, harshe ya yi nauyi. Kowa ya san ƙwaya ce da maganin tari. Kowa kuma ya yi shiru, don shi ke gyara famfon unguwa, kuma duk gidan da aka yi rasuwa shi ke aikowa da likkafani. Na sha yanka yadinsa. Mai kyau yake saye, ba zan yi masa ƙarya ba.

Autata, da mijinta ya rasu, ta dawo gabana da 'ya'yanta, tana taya maƙwabciyarmu suyar awara. Wata safiya sun tafi niƙan wake su biyu, suka yanke ta wani kango, sai suka ga Alhaji da yaransa suna tura wani mai keke napep cikin mota, an ɗaure masa baki. Mai keken ne ke yi wa Alhaji dakon kwalaye, kuma ana ta raɗe-raɗin ya yarda zai ba da shaida gaban hukuma. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a cikin duwatsu.

Na ce wa auta ta haɗiye abin da ta gani. Ta haɗiye. Mai awara kuwa, Allah ya jiƙanta, bakinta ba ya riƙe magana. A bakin kasko ta faɗa, ta kuma faɗa, har da cewa ba ita kaɗai ta gani ba.

Ran nan bayan la'asar sai ga sallamar Alhaji, shi da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ƙunshi a gabana.

Na ce, "Innalillahi, wa ya rasu?"

Ya ce, "Babu kowa, Iya. A dai ajiye."

Na warware, na auna da kamuna. Na ce, "Ɗan nan, wannan ai ya yi wa mutum ɗaya yawa."

Ya ce, "Na mata biyu ne. Ke kin fi ni sanin awo." Ya yi murmushi, ya leƙa tsakar gida. "Ina auta? Kwana biyu ban gan ta wajen awara ba. A gaishe ta. A ce ta rage yawo, gari ba lafiya."

Babu mara lafiya a layinmu a lokacin, ko mai ciwon kai. Na zauna da yadin a cinyata har aka kira magariba.

Washegari na je wa mai awara da maganar. Ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Haba Iya, tsufa ya sa miki zargi! Mutum ya yi sadaka ki ce barazana? To in nawa ne, ki yanka da faɗi, kin san ni da ƙiba."

Ba a yi sati ba aka same ta kwance a ɗakinta da hantsi, yara suna makaranta. Aka ce hawan jini. Ni na wanke ta. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani a jikin mamaci, ban taɓa faɗa ba, yau ma ba zan faɗa ba. Amma na fito daga ɗakin nan na san ba hawan jini ba ne. Na yanka mata da faɗi, kamar yadda ta ce. Rabin yadin ya saura.

A wajen zaman makoki Alhaji ne a sahun gaba, shi ya kawo tabarmi.

Mu asalinmu Fulani ne, muna da dangi a rugage bayan Kiyawa, matansu suna kawo nono Dutse. Da suka biyo gidana shan ruwa da azahar, na ɗaura wa auta irin zanensu, na ɗora mata ƙwarya a ka, na sa ta a tsakiyarsu. Ta gaban shagon Alhaji suka wuce, rana tsaka. Ina daga zaure ina leƙe har suka sha kwana.

Bai daɗe ba ya tare ni a hanya. "Iya, ina auta ta shiga?"

Na ce, "Ta je gaida kawunta."

"Wane kawun?"

Na ce, "Alhaji, mu Fulani kowace ruga da kawunmu."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Daga nan ban ƙara yarda da kowa ba. Mai babur ya tsaya ƙofar gida, in ce shi ne. Maƙwabciya ta tambayi lafiyar auta, in duba bakinta in ga wa ya aiko ta. Jikokina ma ban gaya musu inda uwarsu take ba, suna kuka ina kallo. Masu nono in sun zo, sai na leƙa bayansu ko an biyo su.

Da aka kama Alhaji, wani yaronsa ne ya tona. Aka nemi mai shaida. Na aika wa auta kada ta kuskura. Ta aiko min da amsa: "Inna, waccan ta faɗa a bakin kasko an kashe ta. Ni zan faɗa inda zai yi amfani." Kawunanta suka rako ta kotu da sandunansu, ta faɗa, suka mai da ita ruga a ranar. Aka yanke masa hukuncin kisa. Shekaru suka ja, sannan labari ya zo cewa an zartar.

Na ɗauko rabin yadin nan daga ƙasan adaka, na je yi wa uwarsa gaisuwa. Tsohuwa ce kamata, tare muka yi ɗiban ruwa. Na ajiye a gabanta. Ta shafa, ta gane irin sayen ɗanta.

Ta ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Na autata ne, Hajiya. Ba ta buƙata ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ko gawar ba a ba su ba. Amma ta karɓa.

Sai bayan nan na aika auta ta dawo. Tana nan, tana suyar awara a cikin gida, ban yarda ta kai kasko bakin titi ba. An sake buɗe shagon, wani ne a ciki, yana gaishe ni da ladabi ƙwarai. Ina amsawa. Amma yanzu duk wanda ya kawo min farin yadi, a zaure nake tsai da shi, sai ya gaya min wanda ya rasu, na kuma ji kuka daga gidan da kunnena.