Abin da Kaka Ya Taras a Taragon Kwal

Ranar wata Laraba ce a watan Sha'aban, ina 'yar shekara tara, rana ta take har ƙasar lungunmu na Hindawiyya a Jidda ba ta takuwa sai da takalmi. Mun dawo daga madarasa, mun ɗaure gwangwanayen madara da zare muna ja a ƙofar gida, ni ce kan jirgi, ƙannena fasinjoji. Babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinmu, domin Jidda ba ta da shi a lokacin, a bakin kakanmu kawai muka san shi. Ina cikin ja sai na ji wani kuka siriri mai tsawo daga wajen teku, ba irin na jiragen ruwan da muka saba ji ba. Ƙannena ba su ji komai ba. Da na waiga sai ga Kaka a bakin ƙofa, buta a hannu, ruwa na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ashe ke ma kin ji."

Kaka Ilu mahaifin babana ne. Da ƙafa ya baro ƙasar Kano zai zo hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi shekaru a Bur Sudan yana aikin kwal. Yakan ba mu labarin jiragen ruwan da ke ratso mashigin da aka haƙa a Suwes shaƙe da kwal, lebura su sauka cikinsu su cika kwanduna, a juye a taragu, jirgin ƙasa ya ja zuwa Atbara. Daga baya ya samu shiga inji, yana zuba wa wuta kwal da shebur. Idan muka ce masa gawayi sai ya gyara mana, ya ce wannan dutse ne mai cin wuta. Baƙin kwal ɗin ya zauna a layukan tafin hannunsa, alwalar shekara talatin ba ta fitar da shi ba. Ni ke kai masa kunu da safe bayan na tari mai ruwa da jakinsa na hura wa Umma wuta, kuma kullum ɗakinsa na warin ashanar da aka kashe yanzu, alhali babu komai ciki sai tabarma da akwati. Umma takan share wani baƙin gari a gindin bango, ta ce hayaƙin gidan burodin maƙwabta ne. Amma a ɗakinsa kaɗai ake samu.

Sau uku na sake jin kukan nan, kullum gab da azahar, kuma duk lokacin sai in ga leɓen Kaka na motsi yana kiran wani Sale. Wata rana ina tsintar shinkafa kusa da shi na tambaye shi. Ya ce Sale abokinsa ne, ɗan garinsu, tare suka taso tare suka yi aiki. Wata yamma Sale ya shiga taragon da ke bayan inji yana baje kwal, masu juyewa ba su gan shi ba. Da aka neme shi aka rasa, kowa ya ce ya tsallaka Jidda ne, don kullum zancensa ke nan. Sai da jirgi ya yi nisa cikin hamada, Kaka na ɗiba, shebur ya taɓa wani abu mai laushi, ashe gawar Sale ce. Shi da direba suka binne shi a gefen dogo. Kaka ba shi da takardar izinin zama, yana tsoron tambaya, kuma ya kasa duban idon matar Sale, sai ya yi shiru. Ita kuwa ta hau jirgin ruwa ta biyo mijinta. Na ce tana ina yanzu, ya juya fuska bango.

Ai kuwa na san ta. Inna Dije ce, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka, wadda duk baƙon da ya sauko daga Sudan sai ta tare shi da tambayar wani Sale, dogo mai tabo a goshi. Mu yara mun ɗauka taɓuwa ce. Ranar Juma'a Umma ta aike ni sayen zare, na tsaya gaban farantinta, maganar ta fito ban shirya ba: "Inna, kakana ya san inda Sale yake." Ta rufe gyaɗar da tsumma, ta miƙe ta biyo ni. Duk tsawon lungunan nan ina jin jan takalminta a bayana, na kasa waiwaye don na san na ɓallo abin da ya fi ƙarfina.

Muka taras da Kaka ya sa farar riga, yana zaune da kofin shayi biyu a gabansa, ko da yake ba wanda ya gaya masa muna tafe. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, har tsoron da ya ji. Ta saurara idonta a kan hannuwansa. Tambaya ɗaya ta yi: "An yi masa salla?"

"Mu biyu muka yi, Dije. Mun fuskantar da shi alƙibla."

Ta ce halas, wato shi ke nan, ta gode wa Allah, ta sha shayinta har ƙasa. Washegari ta shiga takaba. Malaman unguwa suka ce lokacinta ya wuce tuntuni, ta ce ita jiya mijinta ya rasu. Wata huɗu da kwana goma ba a gan ta a Bab Makka ba, Umma ce ke aika mata abinci. Kaka bai ga fitarta ba, tarin da ya daɗe yana fama da shi ya tafi da shi kafin alhazai su fara sauka.

Yau lungunan nan babu su, mutanenmu sun watse unguwanni masu nisa. Jikokina na zama da ni, in yi musu Hausa su amsa da Larabci, in na ɗauko labari sai su ce yalla, Sitti, wato maza Kaka, a taƙaice. A da tsofaffi na nan zaune a ƙofar ɗaki da tarin abin da suka gani a hanya, mu muna can muna wasa. Da na sani na ƙara matsawa kusa na yi tambaya.