Dutsen Gugar da Na Ɓoye a Jirgin Ruwa

Shekara shida na yi ina karatu a Alƙahira, kuma abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani. Amma ranar da na kusa ƙona mahaifina a cikin jirgin ruwa saboda karin guga, wannan kam ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

A wancan lokacin ni ɗan gayu ne na bugawa a jarida. Mu huɗu muke zaune a wani ɗan gida a Darrasa, kuma ko burodi zan sauka in sayo sai na goge riga. Abokan zamana har cewa suke yi wata rana sai na goge tawul ɗin wanka. Ina da wani ƙaramin dutsen guga na hannu da na saya a kasuwar Ataba, mai zafi kamar me, sai dai yana da aibi guda: ba ya kashe kansa. Idan ka jona shi, zai yi ta ƙara zafi ne har sai ka zare filogin da hannunka. Na san da haka sarai, na kuma saba da shi.

Ina shekara ta huɗu aka kawo Baba Masar aka yi masa aikin gwiwa. Bayan wasu makonni likita ya ce ya huta, ya sha iska, amma kada ya ɗora wa ƙafar nauyi. A shekarun nan baƙi sun ja baya da zuwa ƙasar, jiragen yawon buɗe ido na kogin Nilu suna ta neman fasinja, sai yayana ya kama mana ɗaki a ɗaya daga cikinsu. Jirgin zai kwana biyu a Alƙahira ana zagayawa da mutane cikin gari, daga nan ya nausa kudu.

Baba ya shekara arba'in yana sayar da yadi, don haka ninkin kaya a wurinsa sana'a ce. Ranar da muke haɗa akwati ina kallo ya shimfiɗa kowace riga, ya bi karinta da tafin hannu, ya ninke, ya jera manya a ƙasa ƙanana a sama, ya cike gefe da huluna don kada komai ya motsa. Ni kuwa cusawa kawai nake yi.

"Kai, haka ake yi wa shadda?" ya ce.

"Baba, ai da dutsen guga zan tafi."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya ci gaba da abin da yake yi.

Da muka shiga jirgi, manajan ya tara mu a zaure ya yi mana bayani. Ya ce abu uku ba a yarda da su a ɗaki ba: dutsen guga, abin dafa ruwa na lantarki, da duk wani abu mai harshen wuta. Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa don mu ji katako ne, ya nuna kafet, ya ce wuta a kan ruwa ba irin ta tudu ba ce, babu inda mutum zai ruga. Mai son guga ya ba masu wankin jirgi da safe, a dawo masa da kayansa da yamma. Wanda ya zo da dutse kuma ya miƙa a ajiye masa. Wata Baturiya ta miƙa nata tana dariya. Ni nawa yana naɗe a cikin sallayata, na kuma yi fuska kamar ban taɓa jin sunan abin ba. A raina cewa nake yi, masu gugar Masar ne zan ba shaddata su jiƙe ta da ruwa, su kashe mata sheƙi, su sa mini kari inda babu kari? Baba bai jin Larabci, da ya tambaye ni me ake cewa, na fassara masa komai ban da wannan.

Washegari da hantsi za a kai mu ganin dala a Giza. Baba ya ce shi ba zai iya hawa da sauka ba, ya sha maganinsa, wanda ke sa shi barci mai nauyi, ya kwanta. Ina jin numfashinsa ya canza na fito da dutsena, na shimfiɗa tawul a ƙasa, na jona. Na goge gaban kaftani da baya, na goge hannun dama, ina shirin kama na hagu sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe kabad, na tura dutsen ciki a tsaye, na jefa tawul, na tura murfin a kan wayar. Mai gyaran ɗakinmu ne, wani dattijo mutumin Aswan.

"Yalla ya ustaz, yi sauri malam, kai kaɗai mota take jira," ya ce.

Na zura kaftanin na fita da sauri. Wutar ɗakin da kati take aiki, idan ka zare shi daga maƙalinsa komai ya mutu. Ni kuwa da gangan na bar shi a ciki don kada na'urar sanyi ta tsaya, zafi ya dami Baba. Har ina yaba wa kaina a kan wannan tunani.

Mun yi kusan rabin awa a hanya, mun shiga cunkoson titin Haram mai zuwa dala, na ɗaga hannu zan gyara hula sai idona ya sauka a kan hannun rigata na hagu. A yamutse yake. Na fara jin haushi, na tambayi kaina yaya aka yi na fito haka. Amsar tana zuwa na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Dutsen yana jone. Yana cikin kabad ɗin katako, a ƙarƙashin babbar rigata da ke rataye. Baba yana barcin magani, da ƙafar da ba ta taka ƙasa sosai, wayarsa kuma tana cikin aljihuna.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda har yau nake jin kunyarsa. Ban tashi ba. Na zauna ina lallashin kaina: wataƙila na zare, wataƙila filogin ya fita da na tura murfin. Jagoranmu yana tsaye a gaban mota da abin magana yana zuba labarin fir'aunoni, ni kuma ina tunanin yadda zan miƙe a gaban Turawa da Larabawa in ce ni ne na karya doka. Me za a ce da ɗan Najeriya? Idan aka sauke mu daga jirgin fa? Agogon motar yana gabana, ina kallonsa. Minti goma cur na yi a haka, mahaifina yana can, ni ina nan ina tattalin mutuncina.

Daga ƙarshe na miƙe na je na raɗa wa jagoran. Mutumin ya dube ni, ya kashe abin maganar.

"Kuma akwai mutum a ɗakin?"

"Babana. Ba ya iya tafiya."

Ya ciro waya ya kira jirgi. Na ji yana faɗin lambar ɗakinmu sau biyu da ƙarfi. Ya saurara, ya ce an tura mutum, sai layin ya yanke. Ya sake kira ba a ɗauka ba. Na ce wa direba ya buɗe mini ƙofa.

Wanda bai san cunkoson Alƙahira ba ba zai gane halin da na shiga ba. Na tsallaka titi na tari tasi, muka yi tafiyar da ba ta fi a ƙirga ba muka tsaya cak. Direban ya ga ina zufa ina salati, ya tambaye ni lafiya, na gaya masa. Bawan Allahn nan ya hau gefen titi, ya kutsa lunguna, yana danna oda yana leƙowa ta taga yana roƙon a ba shi hanya. Ni dai ban san addu'ar da ban yi ba. Duk lokacin da muka hango sararin kogi sai in duba sama ko zan ga hayaƙi. Da muka kusa, na sauka na ƙarasa da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Jiragen a jere suke ɗaure, sai ka ratsa ta cikin biyu kafin ka kai namu. Na ratsa su ban ga kowa ba. Tun daga matakala na jiyo ƙauri. Ƙofar ɗakinmu a buɗe take, taga a buɗe, gadon Baba ba kowa.

"Ustaz, nan," na ji an ce.

Dattijon nan ne mai gyaran ɗaki, yana nuna mini baranda. Can na ga Baba zaune a kujera, an ɗora masa ƙafar a kan matashi, yana kurɓar shayi. Ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba. Na riƙe ƙafarsa mai lafiyar ina kuka kamar yaro, ina cewa alhamdu lillahi ba adadi. Daɗin da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka ce na ci jarrabawar ƙarshe.

Ashe ƙaurin ne ya tashe shi. Hancin da ya shekara arba'in a cikin yadi, ko a barcin magani ya san warin shadda idan tana ƙonewa. Ya ga hayaƙi yana fita ta ƙasan kabad, ya bi wayar da ido har bango. Ya miƙa sandarsa ba ta kai ba. Sai ya zame daga gado, ya ja jiki a zaune yana kare gwiwar, har ya maƙalo wayar ya fizge. Daga nan ya yi ta dukan ƙofa da sandar. Dattijon yana zuwa, kiran jagora yana shigowa. Dutsen ya riga ya faɗi a kan tawul, ya cinye shi, ya kama gindin babbar rigata, ya bar baƙin tabo a katako.

Likitan jirgi ya duba gwiwar ya ce tamam, ba abin da ya taɓu. Manajan ya wanke ni tas, kuma ya yi daidai. Na ɗauko dutsen da hannuna na miƙa masa. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce khalas, shi ke nan, albarkacin Baba ba zai sauke mu ba.

Da muka koma ɗaki na zaci Baba zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce in zauna.

"An ce ka sa an bugo waya."

"E, Baba."

"Kana tunawa ka faɗa a take?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira, na kasa ɗagowa.

"To," ya ce. "Miƙo mini akwatina."

Ya ciro wani farin kaftani nasa, sumul kamar yanzu aka karɓo shi daga wurin masu bugu, ya ce in sa mu je cin abinci. Ya yi mini yawa, hannun har ya rufe mini yatsu, kuma babu wanda ya ko kalle ni. Sauran kwanakin shi ya koya mini dabarun da na raina. In rataye riga a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururin ya saki yamutsin. In yayyafa ruwa kaɗan in bi da tafin hannu, in ninke a kan kari in sa ƙarƙashin katifa kafin safiya. Abin da ya gagara kuma in ba masu wankin jirgi, waɗanda, don kunyata ta cika, suka iya gugar shadda fiye da ni.

Yau Baba ya rasu, ni ma na fara furfura, kuma har yanzu ina son kaya a goge. Amma na koyi cewa dokar da aka kafa a wurin da ba ka sani ba, akwai abin da masu wurin suka gani da kai ba ka gani ba. Na kuma koyi wanda ya fi wannan nauyi: idan ka yi kuskuren da zai iya cutar da wani, ka faɗa a take, kunyar ta same ka daga baya. Allah ya rufa mini asiri ya bar mini mahaifina a ranar, amma minti goman nan da na zauna shiru ina kallon agogo, har yanzu ban sami amsar tambayar da Baba ya yi mini a kansu ba.