Malam Abdulgafar Ketare, Malamin da Ya Koya Mana Ƙarfin Ja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, ina tsakar koyarwa a Sabuwa, yayana Mas'udu ya bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Malam Abdulgafar Ketare rasuwa bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa bayan la'asar a Kankara, garin da ya shekara ashirin da shida yana koyar da kemistiri.

Malam, ni ce Hussaina, ɗalibarka mai yawan gardama.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, amma ba ka taɓa fakewa da hakan ba. Ranar da za ka koya mana yadda sinadarai ke haɗuwa, da gishiri ka shigo aji, da man gyaɗa a kwalba, da ruwan rijiya. Gishirin ya narke a ruwa, ya ƙi narkewa a mai. Ka dube mu ka ce, "To, mi ya sa?" Sai ka bayyana mana cewa kowane atam yana da nasa ƙarfin jan elektiron, abin da ka raɗa wa suna ƙarfin ja. In tazarar ƙarfin atam biyu ta yi yawa, mai ƙarfin ya ƙwace elektiron ɗin ɗungurungum, kamar yadda kulorin ke yi wa sodiyam a gishiri. Haɗin ayonik ke nan. In ƙarfinsu ya zo kusa, sai su yi tarayya a kai, shi ne kobalan. A ruwa ma tarayya ce, sai dai oksijin ya rinjayi haidirojin, wannan rinjayen ne ke ba ruwa ikon wargaza gishiri, abin da mai ba shi da shi. Ka hana mu haddar aku. Kullum maganarka ita ce, "Ku duba tazarar lambobin ƙarfin ja, ita za ta gaya maku irin haɗin."

Wannan horo ya fitar da mu kunya ranar gasar kimiyya a Katsina. A zagayen ƙarshe maki ɗaya ne tsakaninmu da wata babbar makarantar birni. Aka tambaye ni irin haɗin da ke tsakanin alminiyam da kulorin. Na lissafa a zuci, na ce kobalan. Mai tambaya ya ce na faɗi, ai alminiyam ƙarfe ne, don haka ayonik. Ɗakin ya ɗauki tafi, ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

Sai na gan ka ka miƙe daga can baya, cikin farin kaftaninka, ba hayaniya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Alminiyam ɗaya da ɗigo shida ne, kulorin kusan uku da ɗigo biyu. A daure a duba tazarar, ba ta kai ta ayonik ba." Alƙalan suka haɗa kai suka buɗe littafi. Da suka ɗago, mu aka ba makin, mu muka zo da kofin gida Kankara. A mota ba ka yabi kanka ba ko sau ɗaya. Cewa kawai ka yi, "Ɗiyata, gobe ko babu ni a wurin, ke za ki miƙe ki kare lissafinki."

Shekarar da rashin tsaro ya sa aka rufe makarantu, zaurenka ka buɗe. Ka jingina allo da bango, ka ci gaba da karantar da 'yan ajin ƙarshe kowace hantsi har suka zana jarrabawa. An yi maka tayin komawa birni, ka ce yaran Kankara fa, wa zai tsaya masu?

A wurin zaman makoki na ga amsar wannan tsayuwa taka. Daga Mairuwa, daga Damari, daga Faskari aka yi ta zuwa: likitoci, masu haɗa magani, malamai irina, kowa na cewa a hannunka ya fara fahimtar kimiyya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Hajiya Amatullah, da 'ya'yanka Muttaka, Salim da Khadijatu, da ɗaukacin ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya sanya ilimin da ka bari ya zama sadaka mai gudana, Ya haɗa mu da kai a Aljannar Firdausi. Amin.