Habila Mai Lasifika da Dawar Gidan Maitama

Shin Malam Habila ya san halin irin da ya tallata, ko kuwa shi ma tallata masa aka yi? Mai wannan rubutu ya daɗe yana bin wannan tambaya tsakanin garuruwan Ƙarfi da Dayi, ya zauna da waɗanda suka ƙaunace shi da waɗanda suka daina amsa gaisuwarsa, bai samu amsar da za ta kwantar da rai ba. Abin da ya samu shi ne tarihin mutumin, ga shi kuwa yadda ya gudana.

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Habila Abraham a shekarar 1943 a garin Ƙarfi, ƙasar Malumfashi. Mahaifinsa Abraham manomi ne, wanda ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan bayan ya zama magidanci. Mahaifiyarsa Hansai sana'arta daddawa, kuma an shaide ta da cewa ba ta taɓa ɗaga murya a kasuwa ba, ba ta kuma taɓa komawa gida da saura ba.

Karatu da Tarbiyya

A shekarar 1951 aka sa shi makarantar mishan, ya kammala a 1958 da iya karatu da rubutu cikin Hausa da Turanci. Wajibi ne mai karatu ya riƙe batun Turancin nan, domin a kansa aka kafa rabin tuhumar da ta biyo baya. Tun yana ɗalibi shi ake ba karatun Littafi Mai Tsarki a majami'a, saboda Allah ya hore masa murya mai kaiwa bayan ɗaki ba tare da ya yi ihu ba.

A shekarar 1961 ya koma Funtua, ya samu aikin kiran sunayen manoma a kasuwar auduga. A can ya haɗu da wani tsohon sankira, wato mai shelar gari, ana ce masa Ɗanasabe, wanda ya koya masa fasahar magana. Habila ya riƙa maimaita karatun tsohon har ƙarshen rayuwarsa: "Maganar kasuwa daban, maganar zaure daban. A kasuwa kunne kake nema, in ka ƙara gishiri kowa ya san gishiri ne. A zaure kuwa mutum ya shimfiɗa maka tabarmarsa, in ka rage kalma ɗaya ka ci amana."

Aure da Zuri'a

A watan Disamba na 1967 aka ɗaura aurensa da Rahab, 'yar wani mai bishara na Malumfashi. Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, biyu suka rasu tun suna ƙanana.

Aikin Talla

A shekarar 1974 wani kamfanin sayar da takin zamani da irin shuka, mai suna Albarkar Ƙasa, ya ɗauke shi aikin talla, aka haɗa shi da mota da lasifika biyu a kanta. Daga nan sunan Mai Lasifika ya bi shi. Ranar kasuwa yakan tsaya da kirari da barkwanci, yana tsokanar masu rowa, yana kiran rumbunan da ba su cika ba da sunan gwauraye, har mai awo ya manta da kwanonsa. A rediyo kuwa, inda kamfani ke sayen rabin minti a Kaduna, yakan sassauta murya, ya faɗi jimla ɗaya sau uku domin ta zauna a bakin mata da masu kiwo. Shi ne kuma ya ba da shawarar a riƙa yin gonakin gwaji a bakin titin Funtua zuwa Malumfashi, inda fasinjan bas zai gani da idonsa.

Sai dai manajan kamfanin, Alhaji Abdussamad, ya fahimci cewa lasifika da rediyo jawo hankali kawai suke yi, ba sa sa manomi ya saki abin da ya gada. Abin da ke sa shi ya saki, shi ne zaure. Don haka dabarar kamfani ta koma neman babban manomi ɗaya a kowane gari, wanda in ya gyaɗa kai saura za su gyaɗa. A Dayi wannan mutum shi ne Malam Maitama.

Mu'amalarsa da Malam Maitama

Malam Maitama Musulmi ne, dattijo mai jinkirin yarda, kuma gidansu na da wata dawa ja da suka gada daga kakansa, mai jure ƙarancin ruwa, wadda ba a samun irinta a wani gida. Shekara uku Habila yana zuwa gaishe shi ba tare da ya ambaci kaya ba. Ko wannan abota ce ko dabara, mutanen Dayi sun kasu har yau. A kakar 1978 Habila ya yaba dawar, Maitama kuwa, bisa al'adar manoma ga baƙon da ya yaba amfanin gona, ya yanko masa zangarniya bakwai. Rahab ta shuka su a bayan gida, ta ci gaba da ware irinsu kowace shekara tana ratayewa a hayaƙin ɗakin girki.

Shekarar Masara Mai Aure

A shekarar 1985 kamfani ya kawo sabon irin masara wanda ake kira mai aure. Halinsa shi ne yakan ba da amfani mai yawa a shukar farko, amma in aka cire iri daga abin da ya haifa aka mayar ƙasa, sai ya lalace. Dole a sayi sabo kowace damina. Tallan rediyo bai faɗi haka ba, lasifika ba ta faɗa ba, kuma babu wanda ya ɗora musu laifi mai yawa, domin maganar kasuwa ce.

Amma a watan Mayu na wannan shekara Maitama ya tara magidanta ashirin da biyu a zaurensa, Habila ya zauna a kan tabarma ya yi musu bayani tun daga hantsi har azahar. An tambaye shi taki, an tambaye shi tazarar shuka da kwanakin nuna. Babu wanda ya tambaya ko za a iya cire iri, domin manomi ba ya tambayar abin da kakansa ya yi kowace shekara. Habila kuma bai faɗa ba.

Magidantan suka sayi irin suka shuka, masara ta yi goyo bibbiyu a wannan kaka. Maitama ya ware iri daga manyan goyo, ya yanke shawarar ba masara gonarsa duka, aka cinye jar dawar gidan har wadda aka saba ratayewa. A daminar 1986 shi da sauran magidantan suka mayar da irin da suka ware. Masara ta fito ba tsari, wata doguwa wata gajera, goyon kamar yatsa. Gidaje da dama a Dayi suka shiga bazara da rumbu rabi, wasu suka sayar da shanun huɗa.

Tuhuma

A nan zance ya rabu. An gano cewa irin ya zo da takardar bayani cikin Turanci, kuma gargaɗin yana cikinta ƙarara. Habila ya ce takardun a sito suka tsaya, bai taɓa ganinsu ba. Aka kuma lura cewa gonar Habila ta Ƙarfi ta yi kyau a 1986, domin sabon iri ya shuka. Ya ce kyauta ce kamfani ya raba wa ma'aikata, ba zai zubar ba. Kowace amsa tana iya zama gaskiya. Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana bincika kowane kaya kafin ya buɗe baki, yaya aka yi wannan kaɗai ya wuce shi? Alhaji Abdussamad, da aka tuntuɓe shi bayan shekaru, cewa ya yi bai tuna ba.

A watan Fabrairu na 1987 Habila ya ajiye aiki. Ranar kasuwar Dayi ya hau kan amalanke ba lasifika, ya yi shela da muryarsa cewa kada kowa ya sake mayar da irin masara mai aure. Daga nan ya nufi zauren Maitama da dami guda na jar dawa daga ajiyar Rahab. Waɗanda ke wurin sun ruwaito cewa Maitama bai shimfiɗa masa tabarma ba.

"Habila, kalma ɗaya nake so. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Malam, ga dawarka na kawo maka."

"Ba ita na tambaye ka ba. Ɗauki kayanka. Ba na karɓar iri daga hannun mai lasifika."

A 1988 Habila ya sake aika damin ta hannun limamin unguwar Maitama, aka sake mayar masa. Maitama ya yi damina biyu yana shuka dawar kasuwa, wadda ba ta karɓi jigawarsa ba.

Ƙarshen Rayuwa da Rasuwa

Habila ya koma noma a Ƙarfi. Ya daina karatu a majami'a, ko da an roƙe shi, yana cewa muryarsa ta yi aikin da ya ishe ta. Ciwon ƙirji ya kama shi a farkon 1989, ya rasu ranar ashirin ga Afrilu yana da shekara arba'in da shida, ba tare da an ji ya ce ya sani ko bai sani ba. Rahab ta ce ita ma ta tambaye shi sau ɗaya, ya juya fuska bango. An binne shi washegari a makabartar majami'ar Ƙarfi. Ya bar matarsa Rahab da 'ya'ya huɗu: Luke, malamin makaranta a Funtua, Dorkas, ma'aikaciyar jinya, Yunis, wanda ya gaji gonar, da auta Nana.

Malam Maitama bai halarci jana'iza ba. Kwana tara bayan haka, da hantsi, aka ga ya jingina kekensa a ƙofar gidan. Ya yi wa Rahab gaisuwa a tsaye, sannan ya ce, "Uwar Luke, ba hukunci na zo yi ba, wannan yana gaban wanda ya san zukata. Ruwa ya kusa. Dawar kakana tana nan?"

Rahab ta shiga ɗakin girki ta sauko da damin, ya yi baƙi da hayaƙi. Maitama ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya sa ƙwaya a haƙori ya ciza. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar Dayi.