Ranar da Muka Ari Kajin Inna Hajo

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka ari kajin Inna Hajo. Ku da kuka shigo aikin bayanmu gara ku ji ta daga bakina, don masu ba da ita a majalisa a wurin dariya suke tsayawa.

Lokacin ina aiki da wani shirin tallafa wa mata da kiwon kaji a bayan gida, wanda ya haɗa Jega da Aliero da Maiyama. Ya daɗe da rufewa, ba sai na kama suna ba. Akwai manaja, Alhaji Tukur, da muke ce wa Oga. Akwai sitokifa, Nomau, mai riƙe da makullin ɗakin ajiyar abincin kaji. Sai ni, mai yawon ƙauyuka a kan babur, ina riga-kafi ina duba akurki. Dokar Oga ita ce kowa daga bakinsa zai karɓi umarni, kuma kada wani ya tambayi wani abin da aka sa shi. A ganinsa wannan shi ne iya mulki.

A bayan ofis akwai ɗakin kaji na nuni, wanda aka gina don mata su zo su ga yadda ake kiwo. Kajin cikinsa sun ƙare tun tuni. Wasu sun tafi a sallah, wasu a sunan jikokin manya, wanda duk ya tambaya sai a ce masa ɓeraye ne. Ɓerayenmu sun sha ƙazafi, amma su ma ba waliyyai ba ne. Buhunan abinci a ƙasa suke jingine da bango, sun hudde su ta ko'ina, sun yi ƙiba har ba sa gudu in an buɗe ƙofa. Na sha roƙon a sayi duro mai murfi, a ɗora buhunan kan katako, a toshe ramuka da siminti. Oga ya ce waɗannan ba sa fita a hoto.

Wata ranar Talata, ana tsakiyar cirar albasa, zafi ya fara, Oga ya kira ni.

"Garba, gobe baƙi na zakkuwa daga hedikwata. Ba ya yiwuwa su ishe ɗakin ga wayam. Ka tahi ka aro muna kaji masu kyawon gani."

Ga wanda bai sani ba, aro ba baƙon abu ba ne a irin aikinmu. Na san wata akuya da aka ɗauki hotonta a ƙauyuka da dama, kowane ƙauye da sabuwar mai ita. Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Kaji masu kyan gani a lokacin wurin mutum ɗaya suke, Inna Hajo ta Andarai. Tsohuwa ce, ɗanta ya rasu ya bar mata yara, kuma da 'yan kajin da shirin ya ba ta tun farko ta tara garke. Ƙwansu ake kai mata kasuwar Jega, da shi take ciyar da gidan. Ita ce kuma ƙofata a garin, in ta ce mata su fito da kaji riga-kafi, fitowa suke yi.

Washegari da na je da sassafe na faɗa mata buƙata, sai ta ce:

"Malam Garba, kajin ga su ag gonata. Da ƙwansu marayun ga ka cin tuwo da miya. Don kai zan ba da su, ba don ofis ba. Ka maido min su kahin magariba."

Na ce in sha Allah ko gashin guda ba zai faɗi ba. Ta kama su da hannunta ta zuba mini a kwanduna biyu. Guda ɗaya kawai ta bari, wata mai kwanci.

Abin da ban sani ba shi ne Oga ya ba Nomau nasa umarnin daban, cewa kada baƙi su ga ɓera ko guda. Ka'idar sa guba kun san ta. A cikin bututu ko akwati mai ƙaramar kafa ake sa ta, inda ɓera kaɗai zai shiga, nesa da duk wani abu mai baki. Nomau kuwa ya sayo baƙin garin gubar ɓeran nan da ake tallansa a kasuwa, ya kwaɓa da dusa cikin daro, ya bi gindin bango yana barbaɗawa kamar mai zuba taki a fadamar albasa. Ya yi wa sito, ya ga saura, ya ce kada a yi asara, ya ƙarasa a ɗakin nuni ya rufe da ɓuntun shinkafa don tsafta.

Na sauke kaji da hantsi. Suka shiga tono suna tsattsaga, ni kuwa ina jin daɗi sun saki jiki da wuri.

Baƙin da aka ce za su zo da safe sai bayan azahar suka iso. Shugabarsu wata hajiya ce mai tabarau. Ta shiga ɗakin nuni, ta sunkuya ta ɗauki wata jar kaza, kazar ko motsi ba ta yi ba.

"Ikon Allah! Ban taɓa ganin kajin gida masu natsuwa haka ba."

Oga ya gyara zaman hula. "Horo na, Hajiya. Nan wurin komi da tsari mu ka yi nai."

Aka tafa, aka ɗauki hoto. Ni dai na gane ba lafiya ba, don na san kajin Inna Hajo, jar nan da safe sai da ta tsaga mini hannu.

Aka shiga da baƙi cin abinci. Kafin su wanke hannu kaza ta farko ta kife, ta biyu ta bi ta tana buɗe baki. Kun san halinmu, da an ga dabba tana tangaɗi ba a tambayar me ya same ta, wuƙa ake nema kada ta yi mushe. Nomau ne ya fara rugowa da wuƙa da tasa, ya take fiffike yana bismilla. Oga ya leƙo, sai fuskarsa ta washe.

"Zahi na ya buge su. Ku yanke su maza a hige, a sa ma baƙi cikin but na mota, tsaraba."

Na karɓi wadda aka yanka na tsaga maƙoƙonta. Dusa ce cike, da baƙin gari a ciki, ga wani wari kamar tafarnuwa ta ruɓe. Na ce, "Nomau, mi kas sa ɗakin ga?"

"Maganin kusu na dai," in ji shi, hankali kwance. Kusu shi ne ɓera a bakinmu na nan. "Mi yah haɗa shi da kaji? Duba ledar, hoton kusu na a kai, babu hoton kaza."

Wallahi da na biye wa zuciyata a ranar da an raba mu. Na juya na ce wa Oga duk wanda ya ci kayan cikin kajin nan sai dai a tarar da shi asibiti, kuma in aka sa su a motar baƙi, ni da bakina zan faɗa wa Hajiya. Nan ya yi zufa. Ba mutuwar kajin ta dame shi ba, ba kuma tsohuwar da ke jiransu ba. Da na ce a haƙa rami mai zurfi a binne, abin da ya fito bakinsa shi ne, "Dut da namansu?"

Baƙi suka tafi suna yabo. Kafin la'asar sakaliya babu kaza guda mai numfashi. Ɓerayen sito kuwa, da yake ga buhunan abinci mai kifi a buɗe, ko kallon dusar Nomau ba su yi ba.

Na tambayi Oga me zan gaya wa mai kaji. Ya ce in ce zafi ne, kuma ofis ba ya mance alheri, a ɗauko mata buhun abincin kaji guda. Nomau ya zaɓo wanda ya fi hudewa.

Ban taɓa jin nisan Andarai kamar ranar ba. Na tarar da ita a ƙofar gida ta share akurki ta zuba ruwa a kasko, yaran na zaune. Ta ga kwanduna a kife a bayan babur. Ban ce zafi ba ne, na faɗa mata abin da ya faru tun daga farko. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta dubi buhun, dusa na tsiyaya ta ramukansa.

"Wanga hwa, Malam Garba, wa ka cin shi? Ni, ko yaran?"

Na bar buhun nan, na hau babur na juya. Daga baya na kai mata 'yan kajin gidana, ta karɓa ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Da lokacin riga-kafi ya zagayo na koma Andarai da kwalabena cikin ƙanƙara. Gida-gida nake sallama, ana amsa mini daga bayan danga, "Malam, ba mu da kaji bana." Zakaru kuwa na cara a tsakar gidajen. Na koma da maganin yadda na zo da shi. Da annobar kaji ta shigo a shekarar, ta share garin, har da 'ya'yan da mai kwancin nan ta Inna Hajo ta ƙyanƙyashe. A ofis aka ce mutanen ƙauye ne ba sa son ci gaba.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki. Ɓera ba shi da wuyar sha'ani, murfi da shara da toshe rami sun ishe shi. Wanda ya gagare ni shi ne ofishin da ke aiki don idon baƙo. Baƙo zai yi muku yini guda ya hau motarsa, Oga za a yi masa canjin wuri, kai da ka yi sallama a ƙofar gidan mutane fuskarka suka sani. In an aike ku aro, ku tambayi wanda ya aike ku ko zai bi ku ranar mayarwa.