Sebi Bai Kwana a Mutuware Ba

Siama Marjan ba ta taso da ƙyashi ba, don ba ta ga wanda za ta yi wa shi a unguwar Kibra ba. A Makina, wani sashe na unguwar, aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, kakanta kuwa yana cikin sojoji 'yan ƙabilar Nubi da suka kafa bukka a wurin tun yana daji. Ta gaji 'yan ɗakuna na laka da kwano, tana kwana a ɗaya, sauran na 'yan haya. Da mijinta ya rasu ta kafa kasko a bakin layin dogo tana suyar mandazi, wani irin fanke, da wannan kasko ta raini ɗanta tilo, Sebi. Mace ce mai tsabta, ga baki. In ta ga tukunya ta kwana ba wanki a ƙofar 'yar haya, sai duk lungun ya ji labari.

Akoth ce ta fi kowa daɗewa a hayar. Daga bakin tafki ta zo da buhu ɗaya da yaro a goye, tana wankau a gidajen masu hali. Ɗanta Oduor tare suka girma da Sebi, tare suka sha bulalar Siama, tare suka koyi acaɓa. Shekara da shekaru Akoth na zuwa aron gishiri, aron dutsen guga, aron mayafin biki. Siama na bayarwa da 'yar mita a kai, kuma tana jin daɗin zama mai bayarwa, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Ranar da zanga-zanga ta ɓarke a unguwar, da hantsi, samarin biyu suka zo taya ta janye kasko, don barkonon tsohuwa ya fara shigowa lungu. Wani ɗan sanda mai tabo a leɓe, wanda duk unguwa ta san fuskarsa, ya ɓullo ta bayan shagon gawayi ya ɗaga bindiga. Siama na tsaye da matsami a hannu. Sebi ne ya fara faɗuwa, Oduor ya faɗo a kan ƙafafunsa.

Ƙanin mijin Siama, Doka, da dattawan masallaci suka yi maza suka ɗauke Sebi kafin motar kwasar gawa ta iso, don kowa ya san wanda ya shiga motar nan sai ya daɗe a hannun hukuma. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, kafin la'asar yana kwance kusa da ubansa. Kowa ya ce Doka ya yi namijin ƙoƙari. Siama da bakinta ta yi masa godiya tana kuka.

Su Akoth kuwa ba sa binne nasu a birni, sai an kai shi gidan kakanni. Kafin dangi su haɗa gudummawar mota da akwati, Oduor ya yi makonni a mutuware. A nan wasu lauyoyi masu bin kadin talakawa suka same shi. Likita ya buɗe shi ya ciro harsashi, aka gwada, ya dace da bindigar mai tabo. Siama ita ma ta yafa mayafi ta je ofishinsu. Wata lauya mai gilashi ta ba ta kujera da ruwa, ta yi mata bayani a tsanake: babu gawa, babu takardar likita, babu harsashi, saboda haka a wurin hukuma Sebi rasuwa kawai ya yi, kamar wanda zazzaɓi ya ɗauke. Sai dai ko a tone kabari. Doka ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa kabarin nan, ita ma kuma zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Daga nan ƙyashin ya samu wurin zama. Aka zana fuskar Oduor a bangon da ke fuskantar kaskonta, tsayin mutum uku, har mai zanen ya riƙa sayen mandazi a wurinta yana lashe yatsu. Samari suka buga riguna da hotonsa. Akoth da ba ta iya gaida baƙo ba sai ta sunkuyar da kai, yanzu ita ce a rediyo, mota na zuwa ɗaukar ta har bakin lungu. Kowa sai ka ji yana cewa shari'ar Oduor, ranar da aka kashe Oduor, kamar shi kaɗai ya faɗi a wurin. Siama na juya mandazi tana ƙare wa zanen kallo. Ta ce an rage masa hanci, ta ce yaron bai taɓa yin wannan kyau ba, Sebi ya fi shi tsawo da fari nesa ba kusa ba. Ta san abin kunya ne mace ta yi ƙyashin 'yar'uwarta a kan gawa. Takan yi istigfari bayan sallah, gari na wayewa ta ga bangon, abin ya dawo sabo. Ta daina ba da aron dutsen guga. Ta fara ƙorafin baƙin Akoth suna cika mata banɗaki.

Ana cikin haka shari'ar ta fara tangal-tangal. Mai tabo bai musanta harbin ba, cewa ya yi samarin sun taso masa da adduna. Mai gawayi, da ya ga komai, wasu mutane masu farin kaya suka kai masa ziyara, washegari ya kulle shago ya bar gari. Saura Siama. Lauya mai gilashi ta yi ta sintiri a ƙofarta. Siama ta tambaye ta ko za a ambaci Sebi a kotu. Lauyar ta ce ƙarar ta mutum ɗaya ce, kuma shaida abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa. Siama ta ce to ai ranar hayaƙi ya cika mata ido, ba ta ga komai ba.

Wata safiya tana kwaɓa fulawa sai ga Akoth ta tsaya a kanta, ba sallama.

"Maman Sebi, an ce hayaƙi ya shiga miki ido."

"Ya shiga. Ke da kike da rediyo, je ki faɗa musu."

"Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, Maman Oduor. Ƙyashinki nake yi, in kina son ji. Naki yana da bango, yana da riga, yana da alƙali. Nawa fa? Ko makaɗi bai samu ba."

Akoth ta ja kujerar tsuguno ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba sai an ce mata bismilla. Ta ce ita aka kira ta tsaya a kan Oduor ranar da likita ya buɗe shi, daga maƙogwaro har cibiya, aka ɗinke shi da zare mai kauri irin na buhu. Ta ce da aka kai shi gida ƙannensa ba su gane fuskarsa ba, sanyi ya ɓata ta.

"Naki ya tafi da jikinsa cikakke, yana ƙamshin turare. Ki karɓi bangon, ki ba ni wannan."

Siama ta ci gaba da kwaɓi. A ranta cewa take, wannan ma ai magana ce ta wanda ya samu. Amma da ranar zaman kotu ta zo, ta ɗauro zaninta na zuwa biki ta hau matatu, motar hayar garin, ta zauna nesa da Akoth.

A akwatin shaida ta faɗi abin da aka tambaye ta, tafinta na juyawa. Ta nuna mai tabo da yatsa. Ta ce hannun Oduor ba adda, kunnen kasko yake riƙe da shi da tsumma, don man bai huce ba. Sai lauyan ɗan sandan ya miƙe, wani mai ƙiba da murmushin raini. Ya ce ana harbi, kowa na gudun ceton rai, ta yaya tsohuwa za ta tsaya ƙirga abin da ke hannun ɗan maƙwabciya? Me ya hana ta gudu?

"Ɗana ne riƙe da ɗaya kunnen kaskon," in ji Siama. "Shi aka fara harbi. Ina zan gudu in je?"

Lauyan ya yi wuf ya ce wannan ba ya cikin ƙarar. Alƙaliyar ba ta ko dube shi ba, ta ce shi ya yi tambayar. Da hannu take rubuta komai, ta dakata da biro a sama.

"Yaya sunansa?"

"Sebi Marjan."

Siama ta yi ɗage tana bin biron da ido. Nan da nan aka gama, ko rabin layi bai kai ba. A gefen hannun alƙaliyar ga takardun Oduor an ɗaure da igiya, kaurinsu ya kai bulo. Ta auna su da ido, ƙyashin ya sake taso mata, ta danne shi. Aka ce ta sauka, an gama da ita. Ba ta motsa ba. Ta juya wajen tafinta ta ce ya roƙar mata mai shari'a ta karanto abin da ta rubuta, da ƙarfi, yadda mai tabon can zai ji.