Ɗigon da Ke Tafin Ƙafar Malam

Me ya sa mutum zai yarda da likita har cikin ransa, ya ce gaskiya ta faɗa, sannan ya ƙi yin abin da ta ce? Tun ina cikin takaba nake juya tambayar nan, ga shi yau haƙorana sun zube ban sami amsarta ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo mu dakata.

Mijina dillalin shanu ne. Malam nake ce masa, shi kuma 'Yar Baure yake kirana, don daga can aka kawo ni. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, dab da iyakar Nijar. Ba shi da garke nasa na a zo a gani. Abin da yake da shi amana ce. Baƙo zai koro shanu daga arewa, ba wanda ya san shi a kara, wato kasuwar shanu, sai Malam ya tsaya masa ya ce na san mutumin nan, dabbar nan ba ta sata ba ce. Da ya faɗi haka magana ta ƙare, a yi ciniki. Da bakinsa muka ci muka sha, da ƙafarsa kuma, don kasuwannin da ya taka a ƙasa ba su ƙirguwa.

Mai yawo irin wannan ba ya rabuwa da faso. In ya dawo ya yi la'asar, sai ya miƙe ƙafa a kan tabarma in kawo man kaɗe in shafa masa. Na san tafin ƙafar nan fiye da tafin hannuna. Shi ya sa ranar da na ga wani baƙin ɗigo a ƙasan ta hagu, kusa da yatsu, bai kai ƙwayar wake ba, na san baƙo ne.

Na ce, "Malam, me ka taka?"

Ya lanƙwaso ƙafar ya duba ya ce, "Tawadar Allah ce."

Na ce, "Tawadar Allah da ita ake haihuwar mutum. Ba ta jira sai ya yi furfura."

Ya yi dariya ya ce, "To, 'Yar Baure, ke za ki gaya wa Allah lokacin da zai yi rubutu?"

Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sai muka bar shi. Damina ta zo ta wuce, ɗigon ya yi faɗi, gefensa ya zama kamar tawadar da ta zube a kan allo, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri ja-ja. Da ya fara tsattsafo da ruwa Malam ya je wurin mai kemis. A wajenmu duk wanda ya san sunan ƙwaya likita ne. Mai kemis likita, mai yin allura a sha-ka-tafi likita, har mai duba shanu likita muke ce masa. Mai kemis ya ba shi man shafawa. Na sha-ka-tafi ya wanke ya ɗaure. Da abin ya ƙi, wani amininsa makiyayi ya ce ai ko saniya in kofatonta ya yi irin wannan miki lalas ake yi mata. Suka sa ƙarfe a wuta ya yi ja, suka ɗora. Ina cikin gida na ji ƙaurin, amma ban ji ko uhm daga bakin Malam ba.

Wurin ya bushe, muka yi hamdala. Kafin bazara mikin ya dawo ya fi da, ya tasa kamar naman kaza, yana jini in an taka. Kaluluwa kuma ta fito masa a matsematsi ta ƙi komawa.

Babban ɗanmu ne ya matsa aka tafi asibiti a Daura. Likitan da ya duba shi saurayi ne, kuma Allah ya yi masa albarka, bai yi mana rufa-rufa ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "Baba, wannan ba fannina ba ne. Ku tafi Kano, ku nemi likitan fata."

Malam ya ce, "Likitan me?"

"Fata, Baba."

"A garinmu majemi muke ce masa. Sai an yanka dabba ake kai masa."

Har likitan ya yi dariya, amma ya sake cewa mu tafi, kada mu yi jinkiri.

Ban taɓa zuwa Kano ba sai ran nan. Muka zauna a dogon benci tare da masu kyasbi da masu ƙuraje da wata yarinya zabiya da rana ta ƙona wa wuya. Da aka kira mu muka shiga, sai muka tarar likitar mace ce, ba yarinya ba, ta kusa sa'ar 'yata ta fari, da tabarau da farin mayafi. Malam ya tsaya turus. Ta gaishe shi da Baba, ni ta ce mini Inna, ta jawo kujera da kanta ta ce ya ɗora ƙafar.

Bai ɗora ba. Ya dogara sandarsa ya dube ta irin duban da yake yi wa baƙon da ya kawo saniya.

Ya ce, "Likita, kada ki ga rashin kunyata. Mutum huɗu sun taɓa ƙafar nan, kowa an ce mini likita ne. A kara ba mai sayar da dabba sai wani ya tsaya masa. Ke wa ya tsaya miki?"

Ɗanmu ya sunkuyar da kai don kunya. Ita kuwa ba ta ji haushi ba. Ta ajiye biro ta ce tambayarsa tana kan hanya, da ma kowa zai riƙa yin ta. Ta ce bayan ta gama karatun likita kamar na saurayin da ya turo mu, sai ta sake komawa ƙarƙashin manya ta yi shekaru ba ta duba komai sai fata, tana gani suna gyara mata. Da malamanta suka ga ta kai, ba su ne suka yanke hukunci ba. Wasu manyan likitoci aka tara daga garuruwa daban-daban, waɗanda ba su san ta ba, ba su san ubanta ba. Suka kawo marasa lafiya gabanta, ta duba suna kallo, suka yi ta jefo mata tambaya. Wanda suka gamsu da shi, shi suke ba shaidar ƙwarewa, su sa sunansu a kai. In ya yi ɓarna daga baya, su ma abin ya shafe su.

Malam ya ce, "Kowa suke ba?"

Ta ce, "A'a, Baba. Ni ma karon farko mayar da ni suka yi. Sai da na ƙara zama na dawo."

Na ga fuskarsa ta saki. Ya juyo gare ni ya ce, "Kin ji? Inda ake korar mutum, nan ake tantance shi. Dillalin da bai taɓa cewa a'a ba, i ɗinsa ba ta da daraja." Ya cire takalmi ya ɗora mata ƙafar a gabanta.

Ta duba da wata 'yar fitila mai gilashi. Ta duba ɗaya ƙafar, da tafin hannu, da farce, har cikin baki. Ta tambayi yadda abin yake tun farko, Malam ya ce a tambaye ni, ni ce mai ƙafar. Na faɗa mata komai har lalas ɗin. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta ce wuta tana rufe sama ne, abin da ke ƙasa ya ci gaba da tafiya. Ta kashe wurin da allura ta ɗebi ɗan nama kaɗan, ta ce a dawo in sakamakon gwaji ya fito.

Da muka dawo ta sa aka rufe ƙofa. Ta ce ciwon daji ne na fata, irin wanda a jikin baƙar fata ya fi son tafin ƙafa. Ta ce masu tiyata za su cire gaban ƙafar, da yatsun, su cire kaluluwar. Ba ta yi alkawarin warkewa ba, ta ce rai na Allah ne, amma a saninta in an yi yanzu akwai fata mai kyau, in an bari zai shiga ciki inda wuƙa ba ta kaiwa.

Sai na gaya miki lokacin da muke ciki, jikata, don ke kina goye. Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a. Ko'ina maganar ke nan, a rediyo, a masallaci, a bakin rijiya. Ni dai da idona ban taɓa ganin wanda alƙali ya sa aka yanke wa wani abu ba. Amma labari yana yawo, kuma a kara ba abin da ake tsoro ake kuma tsokanar juna da shi kamar satar shanu. Mutum ya zo da yatsa a ɗaure sai ka ji an ce, wane, saniyar wa ka kora?

Da likitar ta gama bayani, Malam ya dubi ƙafarsa. Can ya ce, "Na yarda da ke, Likita. Duk abin da kika faɗa haka yake. Amma ba za a yanke ba."

Ta ce, "Baba, me ya sa?"

"Dillalin shanu ya ɓace wata biyu, ya dawo da guntuwar ƙafa, a wannan zamani? Mutanen garinmu sun san gaskiya. Baƙon da ya zo daga nesa fa? Ba zai tambaya ba. Ƙafar zai kalla ya ja saniyarsa ya wuce."

Ta ce ai za a ba shi takardar asibiti. Ya ce a kara wa ke karatu, ido ne ke fara ciniki. Ta ce, "Baba, ranka ya fi sunanka." Ya ce, "Ke kin san fata, ni na san kara."

Na roƙe shi a mota, na roƙe shi a gida. Ɗanmu ya kawo limamin garinmu, ya zauna da shi a zaure ya gaya masa neman magani umarni ne, kuma ba mai hankalin da zai haɗa aikin asibiti da hukuncin alƙali. Malam ya ce haka ne, Allah gafarta, amma ba masu hankali kaɗai ke zuwa kasuwa ba. Ni kuwa wata rana haƙurina ya ƙare na ce masa, "Malam, da guntuwar ƙafa za ka shigo ɗakin nan in gan ka. Suna kuwa ba ya shigowa ɗaki." Ya naɗe ƙafar da tsumma ya tura cikin babban takalmi ya tafi kasuwa yana ɗingishi. In an tambaye shi sai ya ce ƙaya ce.

Haka ya yi har babbar Sallah ta wuce. Ya rame, tari ya kama shi, abinci ya daina shiga. Ranar da ya kasa kaiwa ƙofar gida ya kira ɗanmu ya ce, "Mu koma wurin likitar nan. A yanke."

Ta gane mu tun daga bakin ƙofa. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa da na ciki. Da ta dawo ta zauna kusa da shi ba a bayan tebur ba, ta ce abin ya riga ya shiga huhu, yanka yanzu wahala ce kawai za ta ƙaru. Ina jira ta ce ba na gaya maka ba, ba ta ce ba. Malam ne ya ce, "Kin faɗa." Ta ce, "Baba, yanzu aikina shi ne kada ka ji zafi." Ta rubuta magani mai ƙarfi, ta koya mini yadda zan wanke mikin in ɗaure don kada ya yi wari. Ta rako mu har waje, ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ke kika fara gani, kuma daidai kika gani." A nan na yi kukan da ban yi a gaban Malam ba.

Ina ta tunani tun daga lokacin. Da mai kemis ya ce wannan ba fannina ba ne, da mun isa gare ta abin bai yi nisa ba, da ɗan yanka kaɗan ne wanda takalmi zai rufe. Wannan na sani, don ita ta faɗa mana. Abin da ban sani ba shi ne wancan, na Malam. Ya gane gaskiya da ya gan ta, aikinsa ke nan tsawon rayuwa, amma ya ajiye ta ya tafi.

Ya kwanta a ɗakina har ƙarshe. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, na gama wanke mikin ban kai ga ɗaurewa ba sai muka ji sallama a zaure, muryoyi da yawa. Abokan sana'arsa ne 'yan kara suka zo dubiya. Kalmar shahada a gabansu ya yi ta, ƙanensa ne ya gaya mini, don ni na riga na fita na ba maza wuri. Amma kafin in fita ya kama gefen zanena, muryarsa ba ta fita sosai sai da na sunkuya.

Ya ce, "'Yar Baure, ja mayafin nan ki rufe mini ƙafar, baƙi za su shigo."